Hawan Dutsen Longonot a yini ɗaya, da namun dajin da ke gindinsa

Wanda ya bar Nairobi, babban birnin Kenya, da asuba ya bi tsohuwar hanyar Naivasha, akwai wurin da zai ga kamar ƙasa ta ƙare a gefen hagunsa. Titi ya liƙe a jikin gangare, can ƙasa kuma ga babban kwarin Rift shimfiɗe iya ganin ido. A tsakiyar shimfiɗar nan wani dutse yake tsaye shi kaɗai, kansa a gutsure kamar tukunyar da bakinta ya fashe, jikinsa duk zane-zanen kwazazzabai. Shi ne Longonot. Sunan daga harshen Masai ya fito, yana nuni da waɗannan tsage-tsagen na jikinsa.

Dutse ne mai aman wuta, amma barci yake yi, bai mutu ba. Masana suna ganin rabonsa da amai tun wajen shekarun 1860, kuma har yau tururi yana fita daga wasu kafofi a bangon raminsa. Ƙololuwarsa tana da tsayin mita 2,776 daga matakin teku, wato ta ɗara Chappal Waddi na jihar Taraba mai mita 2,419, inda ya fi ko'ina tudu a Najeriya. Duk da haka mutum mai ƙoshin lafiya zai hau, ya zagaye bakin ramin, ya sauko, ya yi sallar magariba a Nairobi. Ba a bukatar igiya ko wata ƙwarewa. Abin da ake bukata shi ne sammako, ruwa, takalmi mai kama ƙasa, da haƙurin tafiya a hankali. Na sa sammako a farko da gangan, domin yawancin masu dawowa suna cewa ba su ga dabba ko ɗaya ba, rana ce ta riga su isa.

Zaɓen rana da shirya jiki

Kenya tana da damina biyu. Babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama daga Oktoba zuwa Disamba. Watannin da suka fi dacewa da hawa su ne Janairu da Fabrairu, sai kuma Yuni zuwa Satumba. A guji Afrilu in da hali. Ƙasar dutsen toka ce, in ta sha ruwa santsi take yi kamar sabulu, kwazazzaban kuma su zama hanyar ruwa. Yankin ma ba ya wasa da ruwan sama: a ƙarshen Afrilun 2024 ambaliya ta hallaka mutane da dama a Mai Mahiu, garin da ake ratsawa kafin a isa dutsen.

In za ka iya, zaɓi ranar aiki. Asabar da Lahadi mutanen Nairobi suna cika hanyar, ƙungiya-ƙungiya, wasu da kiɗa a waya, kuma dabba ba ta tsayawa inda ake hayaniya.

Sai batun iska. Mutumin Kano yana rayuwa ne a ƙasa da mita 500, mutumin Jos a wajen 1,200. Ƙofar gandun dajin Longonot kanta, inda ake fara hawa, tana wajen mita 2,150. Saboda haka kada ka sauka daga jirgi yau ka nufi dutse gobe. Yi kwana biyu a Nairobi tukuna, ita ma tana kan tudu kusan mita 1,800, jikinka ya saba. Tun a gida kuma, makonni uku ko huɗu kafin tafiya, ka riƙa taka ƙasa na awa guda kullum, ka haɗa da hawan bene. Wanda yake Kano ya hau Dala ko Goron Dutse ya sauko sau uku a jere ba tare da dogon hutu ba. In ya yi haka bai galabaita ba, ya kama hanya. Mai hawan jini, ciwon zuciya, asma ko sikila ya fara ganin likitansa, ya gaya masa tsayin wurin da lambobinsa. Kada kuma a manta da katin rigakafin shawara, ana tambayarsa ga wanda ya fito daga ƙasashenmu.

Abin da za a saka a jaka

Ruwa ne kan gaba: lita uku ga wanda zai zagaye bakin ramin, biyu ga wanda zai tsaya a baki kawai. Babu famfo, babu mai talla a sama. Tun watan Yunin 2020 Kenya ta hana shiga gandun daji da robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, don haka gorar ruwan kanti ba za ta wuce ƙofa ba. Nemi gora mai ƙwari wadda ake sake cikawa. Leda ma haramtacciya ce a ƙasar tun 2017, kada ka ƙunsa guzurinka a cikinta.

Ni a hawana na farko lita ɗaya da rabi na ɗauka, ina ganin ai garin da sanyi. Sanyin ne ya yaudare ni. Iskar wurin busasshiya ce kamar ta hunturu, tana zuƙe ruwan jiki ba tare da ka ga gumi ba. Kafin in kai rabin zagaye gorata ta koma fanko, harshena ya yi nauyi, kaina ya fara sara. Wani dattijo ɗan ƙasar da ke bayanmu ne ya raba nasa biyu ya ba ni. Har yau in na tuna sai in yi masa addu'a.

Takalmi ya zama mai rufi, mai tsaga-tsaga a tafinsa, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi bororo zai yi maka, silifa da takalmin ofis kuwa kada ma a fara. Safa mai kauri. Wando mai sauƙi, riga mai dogon hannu, da rigar sanyi marar nauyi, domin da sassafe akwai ɗari kuma a ƙololuwa iska tana kaɗawa. Hula mai baki ko malafa, tabarau, da ƙyalle ko takunkumin rufe hanci saboda ƙura. 'Yan'uwa mata masu hijabi su zaɓi wanda bai wuce gwiwa ba, su sa wando a ƙarƙashin riga mai faɗi. Akwai wuraren da sai an dafa ƙasa da hannu, doguwar abaya mai jan ƙasa kuwa tana harɗe ƙafa a inda bai kamata a faɗi ba.

Guzuri: dabino, gyaɗa, ayaba, burodi, dafaffen ƙwai. Sanda tana taimako sosai wajen saukowa. In kana da madubin hangen nesa, ko ƙarami ne, ɗauke shi, zai biya wahalar ɗaukarsa. Sai fasfo, da waya cike da caji.

Daga Nairobi zuwa ƙofa

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa biyu, gwargwadon cunkoso. Ana buɗe ƙofa da ƙarfe shida na safe, a rufe shida na yamma. Ka yi sallar asuba ka fita nan take, ka yi nufin isa kafin bakwai da rabi. A tuna agogon Kenya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi shatar mota ta yini, direba ya jira ku a ƙofa. Mai son rangwame ya shiga ƙaramar bas ta haya, wadda suke kira matatu, mai zuwa Naivasha ta Mai Mahiu, ya ce a sauke shi a garin Longonot. Daga bakin titi zuwa ƙofa 'yan kilomitoci ne, 'yan acaɓa suna nan, a can boda boda ake ce musu. Ku yi ciniki kafin ka hau, ka kuma karɓi lambarsa don dawowa. Tsohuwar hanyar cike take da manyan motocin kaya masu gangarowa a hankali, in direbanka yana ƙoƙarin wuce su a kwana, yi masa magana, kada ka ji nauyi. A ƙasan gangaren, daf da Mai Mahiu, za ka ga wata 'yar mitsitsiyar coci a gefen titi. Fursunonin yaƙi 'yan Italiya ne suka gina ta a 1942, lokacin da aka sa su aikin wannan hanya.

Gandun yana hannun hukumar kula da namun daji ta Kenya, KWS. Ba a karɓar tsabar kuɗi a ƙofa. Ana biya ta shafin gwamnati na eCitizen, da katin banki ko M-Pesa, wato hanyar biyan kuɗi ta waya a Kenya, kuma kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban. Gara ka gama wannan tun daren jiya a masauki inda intanet take da ƙarfi, ka adana shaidar biya a waya. A ƙofa za ka rubuta sunanka. Ka shiga bayi a nan, ka yi alwala, ka tambayi ma'aikatan inda aka ga ɓauna a 'yan kwanakin nan. Akwai 'yan jagora da ake ɗauka. Hanyar a bayyane take, ba za ka ɓata ba, amma ga baƙo ina ba da shawarar a ɗauka: idon wanda ya tashi a wurin yana ganin abin da naka zai tsallake.

Kilomitar farko, inda dabbobin suke

Nan ne mutane suke asara. Suna fita daga ƙofa idonsu yana kan ƙololuwa, su ratsa filin da sauri kamar masu bin bashi, alhali namun dajin duk a wannan fili da gangaren ƙasa suke. Gandun bai da girma, murabba'in kilomita 52 ne, kuma dabbobin suna kiwo ne da sanyin safiya. Rana tana ɗagawa suke shigewa inuwa.

To ka ba wannan wuri rabin awa cur. Yi tafiya kaɗan, ka tsaya, ka yi shiru. Kada ka nemi dabba sukutum, nemi motsi: kunne da ya juya, wutsiya da ta kaɗa, wani dogon abu da ya fi itatuwan kusa da shi tsawo. Haka na ga raƙumin dawa na farko. Jagoranmu ya taɓa kafaɗata ya ce a hankali, "Twiga." Na duba ban ga komai ba sai ƙaya. Can sai abin da na ɗauka busasshen reshe ne ya sunkuyo, ya zaro harshe baƙi-baƙi mai tsawo, ya naɗe ganye daga tsakanin ƙayoyi ya zuge, ya ɗago yana tauna yana kallonmu da manyan idanu masu gashi zara-zara. Ba mu fi taku sittin da shi ba. Ba a mota muke ba, babu gilashi tsakaninmu, ƙafarmu da tasa a ƙasa ɗaya.

Jakin dawa shi ne wanda aka fi gani, garke-garke, sau da yawa tare da barewa. Barewar iri biyu ce. Ƙaramar, ta Thomson, tana da baƙin layi a kwiɓi kuma wutsiyarta ba ta daina kaɗawa. Babbar, ta Grant, ta fi haske, ƙahonta ya fi tsawo, farin gindinta ya haura saman wutsiya. Akwai kanki mai doguwar fuska da kafaɗa a tashe. Akwai damisa ma, amma kada ka sa rai, ita ce take ganinka.

Wadda za a kiyaya ita ce ɓauna, nyati a Swahili. Garke ya fi sauƙi, yakan kauce. Tsohon namiji da ya ware shi kaɗai a cikin duhuwa shi ne abin tsoro. In ka ga kashi ɗanye mai faɗi kamar na shanu a kan hanya, ko ka ji warin garke, rage sauri ka matsa kusa da jagora. In kun yi kiciɓis, kada ka yi ihu, kada ka matsa don hoto, kada ka juya da gudu. Ja da baya sannu a hankali, ka bar mata hanya. Shi ya sa ba a barin turba a kutsa cikin daji, ko don kama ruwa ne. In ya zama dole, gaya wa abokan tafiya, kada ka yi nisa. Ba a kuma ba dabba abinci, ba a jifanta don ta juyo.

Kafin ka bar filin, duba wata gajeriyar ƙaya mai baƙaƙen ƙulli kamar goro a gindin ƙayoyinta. Cikin ƙullin rami ne, tururuwa ce take zaune a ciki. In ka ɗan taɓa reshen da tsinke za ka ga sun fito a fusace. Itacen ya ba su gida da abinci, su kuma suna cizon duk dabbar da ta zo cin ganyensa, shi ya sa raƙumin dawa ba ya daɗewa a kan itace ɗaya. In iska ta bi ta ƙofofin ƙullin sai ka ji siririn fito. Sai kuma wani tsiro mai ganye fari-fari da ya rufe gangaren, leleshwa. Murza ganye ɗaya ka shinshina, ƙamshin kafur yake yi. Masai suna sa shi a hammata in za su yi doguwar tafiya.

Hawan kansa

Daga ƙofa zuwa bakin rami kilomita 3.1 ne. A takarda ba komai ba ne, amma a jiki awa ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi. Hawan kashi biyu ne masu tsauri, da ɗan sarari a tsakaninsu inda aka yi rumfar hutawa. An zuba matakalar siminti a wasu wuraren da suka fi miƙewa, sauran kuwa turba ce da ruwa da ƙafafu suka ƙwaƙule, cike da toka mai laushi kamar garin tuwo. Kowane taku sai ta tashi.

'Yan ƙasar suna da kalma ɗaya da za ka yi ta ji: pole pole, wato sannu sannu. Mu ma mun ce sannu ba ta hana zuwa. Ma'aunin da nake bi shi ne, in ba zan iya yin magana ba sai da haki, to na yi sauri. Gajeren taku, numfashi mai zurfi, tsayuwar minti ɗaya bayan kowane minti goma, kurɓin ruwa biyu ko da ba ka ji ƙishi ba. Kada ka zauna ka daɗe, ƙafa tana yin sanyi. Ɗan ciwon kai da bugun zuciya ba abin damuwa ba ne. Amma jiri, amai, ko ciwo a ƙirji, wannan saƙo ne: zauna, sha ruwa, in bai lafa ba a sauko da kai. Babu abin kunya a ciki.

A rumfar tsakiya ka juya ka kalli baya. Tafkin Naivasha zai bayyana yana ƙyalli, da fararen rumfunan gonakin furanni a gefensa.

Bakin rami

Ramin ba ya sallama. Kana cikin haki, kanka a sunkuye, sai kawai ƙasa ta buɗe a gabanka: rami mai faɗin kusan kilomita biyu, bangonsa a tsaye, ƙasansa kuma daji ne kore shar, a cunkushe, wanda ba ya kama da busasshen gangaren da ka baro. Wanda ya taɓa ganin tafkin Tila a ƙasar Biu ko tsaunukan Kerang da Panyam a Filato ya san irin wannan halitta, sai dai nan ta ninka girma. Tsuntsaye masu farauta suna shawagi a ƙasa da kai, kana ganin bayansu. In da safe ne kuma da sauran sanyi, duba bangon da kyau, wani lokaci ana hango tururi siriri yana tashi. Mutum ya yi tasbihi a nan ba sai an tuna masa ba.

Akwai rumfa a wurin. Ci wani abu, ka yi lissafi da gaskiya. Zagayen bakin ramin kilomita 7.2 ne, awa biyu zuwa uku, kuma ba shimfiɗa ba ce, hawa da sauka ne. In ruwanka bai kai lita ɗaya da rabi ba, ko gwiwa ta fara rawa, ko sha biyu ta wuce, ko hadari yana haɗuwa, tsaya a nan. Ka riga ka ga abin da aka zo gani.

In kuwa da ƙarfi, to bismillah. Ƙololuwar, wadda ake kira Kilele Ngamia, tana can ɗaya ɓangaren. Kafin a kai ta akwai wani tsagi mai ƙunci da ruwa ya yanka cikin toka, inda za ka sa hannu da gwiwa, tsakuwa mai sauƙi kamar soso tana zamewa a ƙarƙashinka. Ku bar tazara tsakaninku saboda abin da na gaba zai turo. A wasu wuraren turbar ba ta fi faɗin tabarma ba, rami a hannu ɗaya, gangare a ɗayan. Kada ka ɗauki hoto kana tafiya. Tsaya, kafa ƙafa, sannan ka ɗaga waya. Leɓen ramin toka ce da ta daskare, tana iya ɓallewa, don haka kada ka tsaya a ƙarshensa.

Daga sama za ka ga Dutsen Suswa a kudu, shi ma mai aman wuta ne. Ta wajen yamma ga gandun Hell's Gate da fararen ginshiƙan tururi na Olkaria, inda Kenya take samar da lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa. Wutar da ke kwance ƙarƙashin ƙafarka ita ce take kunna fitilun Nairobi.

Azahar takan riski mutum a hanya. Abu ɗaya da bahaushe zai kiyaye: a Kenya alƙibla ba gabas take ba, arewa ce, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Jiki ya saba, sai ka ga mutum ya fuskanci mafitar rana. Duba manhajar alƙibla a waya. Nemi wuri mai faɗi nesa da leɓe. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, kuma in alwala ta karye alhali ruwan da ya rage na sha ne, ga ƙasa mai tsarki ko'ina don taimama.

Saukowa

An fi jin ciwo a sauka fiye da hawa, saboda gajiya ta zo, hankali kuma ya riga ya tafi gida. Ɗaure igiyar takalmi sosai don kada yatsu su riƙa dukan gaba. Sauka a karkace, gwiwa a ɗan lanƙwashe, dunduniya ta fara nutsewa cikin toka, sanda a gaba. Za ka ga samari suna gangarowa da gudu cikin ƙura, matsa gefe ka ba su wuri. Duk abin da ka hau da shi ka sauko da shi, har ɓawon ayaba da na ƙwai.

Gaba ɗaya tafiyar, hawa da zagaye da sauka, wajen kilomita 13 da rabi ce, awa biyar ga mai matsakaicin ƙarfi, shida ga mai tsayawa kallo. In ka iso filin ƙasa da la'asar, sake rage sauri, domin jakunan dawa sukan fito kiwo in rana ta yi sanyi. A ƙofa ka sanar cewa ka fito, ka sallami jagoranka da abin da ya dace har da ɗan ihsani, ka ce masa asante, wato na gode.

Ka ajiye riga mai tsabta da silifa a mota, saboda za ka sauko fari fat, toka har cikin kunne da gira. In da sauran lokaci, garin Naivasha bai fi rabin awa ba. Akwai masallatai da wuraren cin abinci na Musulmi, ka sami shayi mai madara da capati, wata irin gurasa, mai zafi. Masu kwana a can su shiga kwalekwale washegari da safe su ga dorina, amma da magariba kada a kusanci bakin tafkin da ƙafa, lokacin ne take fitowa kiwo.